Iccen Shekara Dubu Biyu da Ƙwaron Damina Ɗaya

Idan damina ta fara ja da baya a Yamai, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sararin da ke bisa gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoye yakan cika da mazari. Mafi yawansu ruwan ɗorawa ne, kuma ba su cika sauka ba. Sai su yi dafifi sama da kai kaɗan, suna kai da kawowa, suna cafke sauro da ƙananan ƙwari a iska. Wani lokaci har tsakiyar gari suke shigowa, su yi ta zagaya filin ƙwallo ko tashar mota. A nan za ka ga macen tana saukowa tana dungurar rufin mota mai sheƙi da ƙarshen jikinta, ta ɗauka ruwa ne, tana neman inda za ta zuba ƙwai. Yara na bin su da riga a hannu. Su kuwa manya, mazari bai ishe su kallo ba.

Akwai wani kuma ɗan ƙarami a bakin kogin Isa, wurin da shanu ke sauka shan ruwa. Namijinsa baƙi ne, da ratsi mai duhu a kan kowane fiffike. Shi a ƙasa yake zama, kan busasshen taɓo. Da ka taho sai ya tashi ya biyo ƙafarka, ka tsaya ya tsaya, ka yi gaba ya yi gaba, yana jiran ƙwarin da sawunka zai tayar daga cikin ciyawa. Haka yake bin shanu da jakuna yini guda.

Kusan kilomita 1,500 arewa maso gabas da nan, bayan Agadas, bayan iyakar Aljeriya, a kan tudun duwatsu na Tasili n'Ajjer kusa da garin Janet, akwai wani icce da Abzinawan yankin ke kira tarut. Mafi girmansu ya haura mita 20 a tsawo, kaurin gindinsa kuma ya kusa mita 12 in an zagaya shi da igiya. Masana sun kiyasta cewa wasunsu sun wuce shekara 2,000 a tsaye, wato tun ba a kafa Agadas ba, tun ba a san da daular Sonwai ba, suna nan inda suke. Ruwan da ke sauka a wurin bai fi milimita 30 a shekara ba, alhali Yamai na samun sama da 500.

To, a tare kowa a hanya a tambaye shi: tsakanin wannan ƙasurgumin icce da ya ga bayan dauloli, da ƙwaron da yaro ke iya murƙushewa da yatsa biyu, wanne ya fi kusa da ɓacewa daga doron ƙasa? Kusan kowa ƙwaron zai nuna. Abin da ke rubuce a kundin masu lura da halittu kuwa akasin haka ne. Mazarin nan ruwan ɗorawa yana cikin waɗanda ba a da wata damuwa a kansu. Tarut yana cikin haɗarin ƙarewa. Da masu bincike biyu ƴan Aljeriya, Fatiha Abdoun da Mohamed Beddiaf, suka bi kwazazzaban Tasili suna ƙidaya shi ɗaya bayan ɗaya, abin da suka wallafa a 2002 shi ne 233. Iyakar masu rai ke nan a mazauninsu na asali.

Kafin a ce abu yana cikin haɗari, sai an fara sanin ko shi wane ne. Wannan shi ne aikin rarrabe halittu, wanda wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya ɗora wa tubali: tsirrai a 1753, dabbobi a bugun littafinsa na 1758. Shi ya tsayar da al'adar ba kowane nau'i suna mai kalma biyu da Latinanci, ta farko ta zuriya, ta biyu ta nau'in kansa. Daga nan ake hawa sama mataki-mataki: zuriya na cikin dangi, dangi na cikin sahu, sahu na cikin aji, aji na cikin babban rukuni, babban rukuni na cikin masarauta.

A wannan tsani, tarut na masarautar tsirrai ne, rukunin da ake kira konifer, dangin Cupressaceae, kuma cikakken sunansa Cupressus dupreziana. Wata masaniyar tsirrai Bafaranshiya, Aimée Camus, ta raɗa masa shi a 1926, don tunawa da Kyaftin Duprez, wani hafsan sojan Faransa da ya yi zama a Janet. Mutanen Ajjer kuwa sun san iccen tun kaka da kakanni, sun sha inuwarsa, sun sassaƙa ƙofofi da katakonsa, kuma da a ce haƙƙi ake bi, sunansu ya fi cancanta ya zauna a wurin. Amfanin sunan Latin ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: yana sa mai bincike a Yamai da na Aljas da na Tokiyo su tabbata abu guda suke magana a kai.

Su konifer ba sa fure, ba sa ƴaƴan da ake ci irin na mangwaro ko magarya. Irin yawancinsu yana kwance ne a tsakanin ɓawon wani kwanso mai tauri, iska ce ke kai masa garin barbara daga wani reshe. Ganyen yawancinsu ko dai siriri ne mai tsini, ko ƙananan ɓawo da ke manne da tsinke, kuma jikinsu na fid da ƙaro mai ƙamshi. Nau'insu duka-duka 600 da ƴan kai ne, alhali tsirrai masu fure sun kai wajen 300,000. Duk itatuwan da muka tashi muka gani, kuka da gawo da tsamiya da giginya da bedi da turare, masu fure ne. Har gero da dawa ma a can suke. Ke nan ta fuskar asali, kuka ta fi kusa da zangarniyar gero fiye da yadda take kusa da tarut, duk da su biyun ne manyan itatuwa masu daɗewa.

Ido yakan yi kuskure a nan. Filawo, wanda aka shuka jere a gaɓar teku tsakanin Dakar da San-Luwi don tare rairayi, yana da siraran rassa da ƙananan kwanso, kowa zai rantse konifer ne. Mai fure ne, kuma ya fi kusa da wake da gyaɗa. Dogon siririn iccen nan mai ganye a zube da ake shukawa a ƙofar ofisoshi da otel-otel a biranenmu, wanda wasu ke ɗauka ɗan'uwan iccen Kirsimeti ne, daga Indiya ya fito, kuma dangin gwandar daji ne. A dajin Nijar na yau babu konifer ɗan ƙasa ko ɗaya. Sai ka hau tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru kafin ka tarar da na asali, ko ka je Afaka kusa da Kaduna ko tudun Jos ka ga waɗanda aka kawo daga waje aka dasa. Amma kullum muna taɓa shi ba mu sani ba, don kaso mai yawa na takarda da kwalin da ke shigowa kasuwanninmu da katakonsa aka yi su.

Shi kuma mazari na masarautar dabbobi ne, babban rukunin masu ɓawo da gaɓoɓi inda kunama da gizo-gizo da ƙaguwa suke, ajin ƙwari masu ƙafa shida tare da fara da ƙudan zuma da sauro, sahun da ake kira Odonata. Sahun ya rabu biyu. Akwai masu kauri da ke barin fikafikansu a buɗe in sun sauka, akwai sirara da yawancinsu ke haɗe su a bayansu. Nau'insu ya haura 6,000. Na ruwan ɗorawan shi ne Pantala flavescens, wanda Fabricius ɗan Denmak ya bayyana a 1798. Mai bin ƙafar shanu na zuriyar Brachythemis ne, kuma su biyun dangi ɗaya suke, Libellulidae.

Tun daga matakin farko na tsanin hanyarsu ta rabu, ɗaya tsiro, ɗaya dabba. Abin da ya haɗa su shi ne tsufan asali. Konifer da kakannin mazari duk sun bayyana ne shekaru wajen miliyan 300 da suka wuce. A ramin kwal na Commentry a Faransa aka tono burbushin wani kakan mazari, Meganeura, wanda faɗin fikafikansa ya kusa santimita 70. Wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a nan Yamai ya ga ƙasusuwan dinoso da na ƙaton kadan da aka tono a Gadufawa, to lokacin da waɗannan dabbobi ke yawo a ƙasar da ta zama Tenere, akwai konifer a tsaye a kansu, akwai mazari a bakin ruwansu. Kututturan da suka rikiɗe suka zama dutse a wajen Marandet da tudun Tigidit, kudu da Agadas, da yawansu na konifer ne. Ashe dai ƙasar nan ta taɓa zama gidansu.

Kundin da ake auna haɗarin da shi na ƙungiyar kare halittu ta duniya ne, IUCN, wadda aka kafa a 1948, mai mazauni a garin Gland na Suwizalan. Tun 1964 take fitar da abin da ake kira Jan Kundi. Matakansa suna tafiya ne daga wanda babu damuwa a kansa, zuwa wanda ya kusa shiga haɗari, mai rauni, wanda ke cikin haɗari, wanda ke cikin mummunan haɗari, wanda ya ƙare a daji sai a hannun mutane, har zuwa wanda ya ƙare ƙurmus. Akwai kuma wani gurbi na waɗanda bayanin da aka tara a kansu bai isa a yanke hukunci ba. Ba a duba girma, ba a duba ƙarfi, ba a duba kyau ko amfani. Ana tambayar nawa ne manyan da suka isa haihuwa, faɗin ƙasar da suke zaune nawa ne, kuma suna ƙaruwa ne ko raguwa cikin shekara 10 ko tsawon zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Nau'in da manyansa ba su kai 250 ba ya shiga sahun masu haɗari ko da ba a ga wata alamar raguwa ba. Wanda bai kai 50 ba yana cikin mummunan haɗari. Da 233, tarut ya faɗa sahun masu haɗari tun kafin a duba sauran sharuɗɗa.

Makiyayi ya riga masana sanin wannan lissafi. Ka nuna masa garke na manyan bijimai da tsofaffin shanu, duk sun yi ɓul-ɓul, ƙahonni sun miƙe, amma babu maraƙi ko ɗaya a ciki, ba zai yaba ba. Ya san garken ya riga ya ƙare, lokaci kawai ake jira. Halin da tarut ke ciki ke nan. Tsofaffin suna da saiwa mai zurfi da ta kai ga danshin da ke ƙarƙashin kwazazzabo, shi ya sa suke jure fari bayan fari. Ɗan tsiron da ya fito bana ba shi da wannan gata. Yana bukatar shekaru masu ruwa a jere kafin saiwarsa ta kai ƙasa, wurin kuwa ya daina samun irin waɗannan shekaru. In ma ya yi sa'a ya tsira, akuya ko raƙumi na nan tafe. Mafi yawan irin da ke faɗowa daga kwanson ma fanko ne, babu ƙwaya a ciki. A 2001 wasu masana a Faransa, ƙarƙashin Christian Pichot, suka gano wani abin mamaki a haihuwarsa: ɗan da ke cikin irin gadon uba kaɗai yake ɗauka, uwar reno kawai take yi. Ƙananan da aka samu a Tasili ƴan ƙalilan ne, ga kuma masu saran reshe don hura wuta a daren sanyi.

Tarut saura ne na wata Sahara da ta shuɗe. Tsakanin shekaru kamar 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, hamadar nan tana da tabkuna da ciyawa. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno ya ci karo a shekara ta 2000 da makabartar mutanen da suka zauna bakin wani tabki suna kamun giwan ruwa, ga ƙashin dorina da na kada a gefe. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus, arewa da Agadas, na wancan zamani ne. Da ruwa ya janye, dabbobi suka bi shi kudu. Icce ba shi da ƙafa, sai ya tsaya inda fari ya same shi.

Mazarin ruwan ɗorawa ya bi wata hanya daban. Bai ɗaure ransa ga wani wuri ba, ruwan sama yake bi. Macen na zuba ƙwai a kududdufin da damina ta bari, inda babu kifin da zai cinye ƴaƴan. Ɗan da ya ƙyanƙyashe ba ya kama da uwarsa ko kaɗan. Gajere ne, mai launin taɓo, ba fiffike, yana rarrafe a gindin ruwa. Yana da wani leɓe mai gaɓa da yake naɗewa a ƙarƙashin kai, da tsutsar sauro ta gifta sai ya harba shi ya fizgo ta. In an tsorata shi, ruwa yake tsartuwa ta baya ya cilla gaba. Cikin mako biyar zuwa shida ya gama girma, tun kududdufin bai ƙafe ba. Da dare ko da asuba sai ya hau karan ciyawa, bayansa ya tsage, babban mazari ya zaro jikinsa a hankali, ya jira fikafikai su bushe, ya tashi ya bar fankon ɓawonsa maƙale a jikin karan. Daga nan sai ya hau iskar da ke kora hadari, ya tafi inda damina ta koma. A 2009 wani masani mazaunin tsibiran Maldif, Charles Anderson, ya nuna cewa irin wannan mazari na tsallaka tekun Indiya daga Indiya zuwa gabashin Afirka, kuma zagayen zuwa da komowa, wanda zuriya da yawa ke karɓa-karɓa, ya kai kilomita 14,000 zuwa 18,000. Wani babban mazarin namu na Sahel, Anax ephippiger, an tsince shi har a Ayislan, tsibirin da ba shi da mazarin kansa. Wanda ke da wurin haihuwa a kusan kowace nahiya, in tabki ɗaya ya ƙafe bai rasa komai ba.

Da a nan zancen ya tsaya, da sai mu ce a ji tausayin icce, a ƙyale ƙwaro. Amma a ganina a nan ne ma abin lura ya fara. Da aka sake auna konifer duka a 2013, kashi 34 cikin 100 aka samu suna fuskantar barazana. Da aka gama auna mazari na duniya karo na farko, a Disamban 2021, cikin nau'i 6,016 an kiyasta kashi 16 cikin 100 na cikin haɗari, kuma fiye da rubu'insu ba a ma da isasshen bayani a kansu. Mu da ke kiran su duka da suna guda, muna ganin gayyar mai yawo a ƙarshen damina sai mu ɗauka gidan lafiya lau yake. Alhali a cikin dangin akwai waɗanda rafi ɗaya suka sani, ko idon ruwa ɗaya a cikin dutse, kuma ba za su iya barinsa ba.

Akwai wani shuɗin mazari, Urothemis edwardsii, da ya wadata a tabkunan kudu da Sahara, a kundin duniya babu damuwa a kansa. A arewa maso gabashin Aljeriya kuwa, kusa da El Kala, saura ƴan kaɗan suka rage, kuma a ma'aunin yankin arewacin Afirka yana cikin mummunan haɗari. Su ma ragowar koriyar Saharar nan ne da ta bar tarut, hamada ta yanke su daga ƴan'uwansu. Haka rijiyoyin dutse na Abzin, irin na Timiya, suke riƙe da nasu ƙananan halittu a tsakiyar ƙishirwa. Wani masani ɗan Beljiyam, Henri Dumont, ya wallafa bincike a kan mazarin Nijar a 1978, ya fi ba da ƙarfi a kan na Abzin. Nau'i guda na iya zama lafiya a duniya yana mutuwa a garinku.

Ta ɓangaren konifer ma akwai irin wannan ruɗani, amma a juye. Pinus radiata an dasa shi a miliyoyin eka a Niyu Zilan da Cile don katako, amma a mazauninsa na asali a gaɓar Kalifoniya yana cikin haɗari. Tarut kansa an shuka shi a gonakin gwaji a Faransa da Ostireliya, kuma wannan tanadi ne mai kyau. Sai dai kundin na daji yake ƙirgawa, waɗanda ke haihuwa da kansu ba mai ban ruwa, kuma ina ganin daidai ne.

Yanzu a dawo da ma'aunin gida. Kwarin Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar Yamai ya zama magudanar ruwan datti da leda. Tabkunan bayan gari ana cike su da ƙasa ana yanka filaye. Rairayi na cike kogin Isa, baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure na rufe fuskarsa, magungunan feshi na garake da gonakin shinkafa kuma a ruwa suke ƙarewa. Ɗan mazari a cikin ruwa yake yin mafi yawan rayuwarsa, wasu nau'in wata da watanni, wasu fiye da shekara, shi ya sa masana ke ɗaukar sa a matsayin ma'aunin lafiyar ruwa. Ban manta ba cewa ruwan da ya kwanta a unguwa sauro yake haifarwa, kuma zazzaɓin cizon sauro na ɗauke mana yara kowace damina. Ban manta da ambaliyar 2020 ba, lokacin da kogin ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai ya shiga gidaje. Mai neman inda zai sa iyalinsa ba za a yi masa wa'azin ƙwaro ba. Amma kwatamin da ya ruɓe daban, tabki mai rai daban. A kwatami sauro ne kaɗai ke cin kasuwarsa, don masu cin sa sun mutu. A tabki mai rai akwai ɗan mazari da kifi da kwaɗo suna rage shi, kuma tabkin na shanye ruwan da in an cike shi zai nemi hanya ta cikin ɗakuna. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1987, tana da wurare 14 a ƙarƙashinta, daga gandun W zuwa Dallol Boso, Tabalak, Madarunfa da Gidimuni. Ƙananan tabkunan unguwa ba sa cikin kowace yarjejeniya. A duniya baki ɗaya an yi asarar kashi 35 cikin 100 na dausayi tsakanin 1970 da 2015.

Itatuwanmu ma ba su tsira daga tambayar makiyayi ba. Manyan maɗatai da ke yi wa titunan unguwar Filato inuwa, nau'insu na cikin masu rauni a Jan Kundi. Kaɗanya ma haka. Madobiya ta shiga sahun masu haɗari a 2018, bayan saran da aka yi mata a yammacin Afirka don kai katakonta Sin. Dokar daji ta 1974 ta hana saran itatuwa irin su gawo da kuka da tsamiya da giginya da goriba, ma'aikatan gandun daji kuma a wancan lokaci suna cin tara a kai. Manyan sun samu kariya, amma a lokacin sassabe ana share ƙananan tas, kuma da yawan manoma na gudun barin icce ya girma a gonarsu don kada ya zama na hukuma. Gonaki suka koma tsofaffin itatuwa jefi-jefi babu mai gadonsu. Abin da ya juya lamarin a ƙasar Maradi daga shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassabin zamani, ba wani sabon iri ba ne. Tohon da ke fitowa daga tsohon kututture aka daina sarewa, aka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi aka gyara su, aka bari su tashi. An kiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Kowace ranar 3 ga Agusta muna fita dashen itatuwa, abu ne mai kyau, amma adadin da ya kamata a riƙa sanarwa shi ne nawa suka kai baɗi da rai. Koriyar ɗamarar da aka fara shukawa kewaye da Yamai a 1965, wadda ta kai wajen hekta 2,500 na bedi da turare, gine-gine sun ci babban yanki nata.

Matsayi a kundin ba hukuncin ƙarshe ba ne. Raƙuman dawan Kure, kilomita 60 daga Yamai, saura 49 suka rage a 1996. Aka riƙa ɗaukar hoton kowanne ana gane shi da zanen jikinsa, ana ƙirga ƴaƴan da aka haifa kowace shekara, aka jawo ƙauyukan yankin cikin aikin. Suka haura 600, kuma a 2018 aka sauko da su daga masu haɗari zuwa masu rauni. Ƙidayar ce ta fara, kariya ta biyo baya.

Ƙidayar mazari ba ta bukatar jirgi ko kuɗi masu yawa. Babban mazarin da ka gani yana shawagi ba ya ba da labarin ruwan da ke ƙarƙashinsa, don mai yiwuwa daga Mali ko Burkina Faso iska ta kawo shi. Fankon ɓawon da ke maƙale a karan ciyawa shi ne shaidar cewa a wannan ruwan aka yi ƙwai, a nan ɗan ya rayu har ya girma. Ɓawon ba ya ruɓewa da wuri, ana tsince shi a sa a kwalin ashana, a rubuta wuri da kwanan wata, kuma ana iya gane zuriyarsa, sau da yawa har nau'insa, da gilashin ƙara girma. Ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni da ke Harobanda, ko ajin kimiyya na kowace makarantar sakandare, za su iya ɗaukar wurare kaɗan, bakin kogi a Gudel da Lamorde, sama da ƙasan Gunti Yena, da tabki ɗaya ko biyu a bayan gari, su riƙa bin su kowace damina a mako ɗaya na wata ɗaya. Bayan shekara 10, tsawon lokacin da Jan Kundi ke auna raguwar ƙwaro da shi, Yamai za ta samu lissafin kanta na wane ruwa ne ke haifar da nau'i goma, wane ne ya koma biyu, wane ne ya daina.